Mura, Masassara Da Taune-Taune: Abin Da Hunturu Ke Jawo Wa Yaranmu A Bakin Iyaka

Cikin hunturun da ya wuce, wata ranar kasuwa da hantsi, mun fita da na'urarmu ta ɗaukar magana don jin farashin hatsi a wata kasuwa da ke kan hanyar Maraɗi zuwa Jibiya. Muna tsaye a layin ƴan wake sai muka ji kururuwa daga wajen masu tuya. Wata baiwar Allah ce mai sayar da ƙosai ta kwanto ɗanta daga baya, yaro ɗan wajen shekara ɗaya da rabi, jikinsa ya sandare, idanunsa sun juye sama, hannuwa da ƙafafu suna ta fizga, kumfa na fitowa daga baki. Kafin ka ce kwabo jama'a sun yi musu zobe. Wani ya ce tsuntsu ne ya gitta, wata tsohuwa ta ce iska ce, a kawo albasa. Wani dattijo mai shayi ya rugo da cokali, aka danne yaron aka cusa masa tsakanin haƙora. Uwar kuwa ba abin da take yi sai salati.

Abin bai wuce minti uku ba ya lafa. Yaron ya yi laushi, barci ya kwashe shi. Wani ɗan kabu-kabu ya ɗauke su zuwa gidan likita, mu ma muka bi su. Manjo ya auna zafin jikinsa, ya ɗebi jini a yatsa ya gwada, babu zazzaɓin cizon sauro. Ya duba wuyansa ya ga yana lanƙwasuwa lafiya, ya saurari ƙirjinsa. Mura ce yaron yake fama da ita kwana biyu, ita ta kawo masassara, masassarar kuma ta kawo taune-taune. Rauni guda da aka samu a jikinsa shi ne na dasashi, inda cokalin mai shayi ya yanke shi.

Daga ranar muka shiga tambayar ma'aikatan lafiya, muka kuma buɗe maganar a rediyo. Yawan iyayen da suka kira sun nuna mana cewa kusan babu layin kasuwar da ba a taɓa ganin irin wannan ba, sai dai kowa da sunan da yake ba shi, wasu taune-taune, wasu bugun tsuntsu, wasu tsinkau-tsinkau, wasu kuma kai tsaye su ce farfaɗiya ce, su shiga ɓoye yaro.

Me ke kawo shi?

Bayanin da masana kiwon lafiyar yara suke yi ba shi da wuyar ganewa. Idan ƙwayar cuta ta shiga jiki, jikin da kansa yake ɗaga zafinsa don ya yaƙe ta. Ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro kuwa ba ta gama nuna ba, saƙonnin da ke gudana a cikinta kamar wutar lantarki suna iya rikicewa idan zafi ya tashi, sai jiki duka ya ɗauki fizga. Shi ya sa abin yake da lokacinsa: daga wata 6 zuwa shekara 5, ya fi yawa kuma tsakanin shekara ɗaya da shekara ɗaya da rabi. Yaro na wuce wannan shekaru, yawanci ya rabu da shi ke nan. Zafin da ake magana shi ne daga digiri 38 zuwa sama, kuma sau da yawa a ranar farko ta masassara abin yake zuwa. Akwai ma uwar da ba ta san ɗanta na da masassara ba sai da ya fara fizga, ta taɓa shi ta ji kamar garwashi.

A ƙasashen Turai da Amurka an ƙiyasta cewa yara 2 zuwa 5 cikin 100 suna yin wannan taune-taune aƙalla sau ɗaya. A Japan abin ya fi haka, ya kai 6 zuwa 9 cikin 100. Mun kawo wannan ne don mai karatu ya san ƴaƴan masu kuɗin duniya ma suna yi, ba ciwon talaka ba ne, ba kuma hannun kishiya ba ne. Yana bin jini: idan uba ko uwa ko wa ya yi yana ƙarami, ƙanen ya fi kusa da yi. Alhaji, kafin ka ɗora wa matarka laifin sakaci, je ka tambayi Inna yadda ka yi kana goye.

Ƙwayoyin cutar da suka fi kawo shi su ne waɗanda likitoci ke kira birus, musamman masu kama hanci da maƙogwaro da ƙirji. Kan gaba akwai mura mai tsanani, wadda ke kwantar da babba ma da ciwon jiki da ciwon kai. Akwai wasu ire-iren birus masu sa tari da shaƙewar murya da jan ido, akwai kuma wata da ke sa jariri zafi mai ƙarfi kwana uku zuwa huɗu, zafin na sauka sai ƙananan ƙuraje su feso. Ƙyanda ma ta hanyar numfashi take shiga. Ko cutar korona, lokacin da nau'inta mai suna Omikron ya bazu daga ƙarshen 2021 zuwa 2022, asibitocin ƙasashe da dama sun ba da labarin ƙaruwar yara masu taune-taunen masassara.

Mu a nan mun san lokacinta. Daga Disamba zuwa Fabrairu, buji ya turnuƙe, hanci ya bushe, mutane su cunkushe a ɗaki guda an toshe ko'ina saboda sanyi. Kasuwa kuwa ita ce mahaɗar kowa. Wanda ya kwana a Kano da tari ya karya kumallo a Ɗan Isa, wanda ya taso daga Tawa ya yi atishawa a Konni kafin azahar yana Illela. Duwan da kwastan suna tsayar da buhu, ba sa tsayar da mura. Yaron da ke bayan uwarsa a rumfa daga safe zuwa magariba, hannu nawa ne ke ɗaukarsa, baki nawa ne ke yi masa wasa?

Wanda ke wucewa da wanda ke kisa

Likitoci sun raba taune-taunen masassara gida biyu. Akwai mai sauƙi, wanda shi ne ya fi yawa: jiki duka ne ke fizga, ba ya kai minti 15, yawanci ma minti biyu zuwa uku ne, ba ya kuma sake dawowa cikin awa 24. Irin wannan, duk da tashin hankalin da ke cikin ganinsa, ba ya lalata ƙwaƙwalwa, ba ya hana yaro karatu, ba ya kisa. Akwai kuma mai rikici: ya wuce minti 15, ko ɓangare guda na jiki ne kawai ke fizga, ko ya maimaita a yini guda. Wannan yana bukatar a kwantar da yaro a bincika sosai.

To amma a nan ne muke so jama'a su saurare mu da kyau, domin abin da likitan Faransa zai faɗa wa uwa a ƙasarsu ba shi ne za mu faɗa wa tamu ba. A can idan yaro mai mura ya yi taune-taune, kusan kullum murar ce. Mu kuwa muna zaune da manyan makasa guda biyu da ke fara sallama da irin wannan fuska: zazzaɓin cizon sauro da ya hau ƙwaƙwalwa, da sanƙarau. Yaro yana iya zama da majina a hanci, kuma a lokaci guda ƙwayar sauro na cin jininsa. Majina ba shaida ba ce. Babu uwa, babu kaka, babu mai kemis da zai iya duban yaro da ido ya rantse cewa wannan mura ce kawai. Gwajin jini na yatsa, wanda ba ya wuce minti 15 zuwa 20, shi ke raba gardama a kan sauro. Sanƙarau kuma sai ma'aikacin lafiya ya duba, wani lokaci har sai an ɗebi ruwan gadon baya.

Abin da ya ƙara ɗaure kai shi ne lokacin sanƙarau yana shiga cikin lokacin mura, tun daga hunturu har zuwa zafin bazara. Manya ba su manta da annobar 1995 a Nijar da ta 1996 a arewacin Najeriya ba. Rigakafin da aka fara a 2010 a Burkina Faso da Mali da Nijar ya karya lagon nau'in da ya fi addabar mu a da, amma a 2015 wani nau'in ya tashi a Nijar ya kama mutum sama da 8,000, ya kashe fiye da 500. A 2024 ne aka fara amfani da sabuwar allura mai kare mutum daga nau'i biyar, Najeriya ce ta fara, Nijar ta biyo baya. Ma'ana sanƙarau bai tafi ba.

Saboda haka duk yaron da ya yi taune-taune karo na farko, ko da ya farfaɗo yana wasa, a kai shi gidan likita a ranar. Akwai kuma alamun da idan an gan su ba a jiran ko sallamar mai gida. Yaron da ya wuce rabin awa bayan fizgar bai farka ya gane uwarsa ba, ko wuyansa ya ƙage, ko maɗigarsa ta kumbura, ko ya ƙi nono, ko duk abin da ya sha sai ya amayar, wannan gudu ake yi da shi. Haka jaririn da bai kai wata 6 ba, domin a wannan shekaru ba a ɗaukar taune-taune a matsayin na masassara kawai. A kuma lura da numfashi, tun da mura tana gangarawa huhu ta zama ciwon haƙarƙari: idan yaro ɗan wata 2 zuwa shekara ɗaya yana numfashi sau 50 ko fiye a minti guda, ko ɗan shekara 1 zuwa 5 yana yin 40 ko fiye, ko kuma ƙasan ƙirjinsa na lotsawa ciki idan ya ja iska, huhu ya taɓu. Kowane ɗan kasuwa yana da agogo a wayarsa, ƙirga numfashi bai fi ƙirga kuɗi wuya ba.

Cokali, albasa da hayaƙi

Mu koma kan mintocin nan biyu ko uku da yaro ke fizga, domin a cikinsu ne ake yin ɓarnar da ta fi ciwon kansa. Ba mu zargin mai shayin nan, taimako ya zo yi, kuma abin da ya gani manya na yi ne. An daɗe ana cewa yaro zai haɗiye harshensa. Ba ya yiwuwa, harshe a ɗaure yake a ƙasan baki. Abin da cokali ko yatsa ko tsinke ke yi shi ne karya haƙori, yanka dasashi, ko tura harshen baya ya toshe hanyar iska. Mafi muni shi ne ɗura. Yaron da ba ya cikin hayyacinsa ba ya iya haɗiya, duk abin da aka zuba masa, ruwa ne ko man ja ko jiƙo ko madara, yana iya wucewa cikin huhu, yaron da zai tashi lafiya sai ya koma mai ciwon huhu. Ko rubutu ne, a bari ya farka sosai. Addu'a kuwa babu mai hana ta, ana yin ta ana kuma kan hanyar asibiti.

Wasu na matsa albasa ko barkono a ido wai don ya farfaɗo. Wasu na kara ƙafarsa kusa da wuta, wasu na turara shi da hayaƙi a lulluɓe. Ma'aikatan lafiya sun sha gaya mana cewa sukan karɓi yaran da taune-taunen ya wuce tun a gida, abin da ya rage musu jinya shi ne ƙuna a tafin ƙafa ko ido da ya kumbura. Dalilin da ya sa waɗannan dabaru suka samu karɓuwa kuwa a fili yake: fizgar da kanta take tsayawa bayan ƴan mintoci, sai a ba albasa yabon da ba nata ba.

Abin da ya kamata a yi kaɗan ne. A shimfiɗa zane a ƙasa nesa da kaskon tuya da murhu da duk wani abu mai kaifi, a kwantar da yaron a gefensa, ba rigingine ba, don yawu ko amai su zubo waje. A sassauta masa tufafi, a cire hula da rigunan sanyin da aka jibga masa. Kada a danne shi, kada a girgiza shi, kada a kwara masa ruwan sanyi. Jama'a su ja baya ya samu iska. Mutum guda ya dubi agogo, domin tambayar farko da likita zai yi ita ce minti nawa ya yi, kuma a idon uwa minti biyu awa guda ne. Idan abin ya kai minti 5 bai tsaya ba, kada a ƙara jira, a ɗauke shi a gefensa a nufi asibiti mafi kusa, ko a wane ɓangare na iyaka yake. Can suna da maganin da ake sawa ta dubura ko ta jijiya ya tsayar da fizgar, su kuma duba ko sukarin jininsa ya faɗi.

Maganin tebur

Dole mu taɓo ƴan'uwanmu masu tallar magani a faranti da kan keke, ko da ransu zai ɓaci, domin wajensu uwa ke fara zuwa. Paracetamol magani ne mai kyau, yana sauke zafi yaro ya samu sauƙi ya sha nono. Amma da nauyin yaro ake auna shi: miligiram 15 a kowane kilo, bayan kowace awa 6, kada ya wuce sau huɗu a yini. Ɗan kasuwa ya yi lissafi da kansa. Yaro mai kilo 10 rabonsa miligiram 150 ne, ƙwayar manya kuwa 500 ce, wato wanda ya ba shi guda ya ninka masa fiye da sau uku, kuma hanta ce ke biyan bashin. Sannan wani abin da iyaye da yawa ba su sani ba, bincike ya nuna ba wa yaro paracetamol duk lokacin da jikinsa ya yi ɗumi ba ya ba da tabbacin cewa taune-taune ba zai zo ba. Uwar da ɗanta ya yi bayan ta ba shi magani, kada ta ɗauka ita ta gaza.

Aspirin kuwa ba a ba yaro mai mura ko ƙarambau, domin yana iya jawo wani ciwo mai kumbura ƙwaƙwalwa da lalata hanta. Kapso ɗin nan mai launi biyu da ake ɓarewa a zuba a koko, shi da sauran magungunan kashe ƙwayoyin cuta ba sa taɓa birus ko kaɗan, asarar kuɗi ce, wani ma yana ɓata haƙoran yara. Game da maganin ruwa na kwalba da ba a san asalinsa ba, tarihi ya ishe mu. Tsakanin 2008 da 2009 wani maganin fitar haƙori mai suna My Pikin ya kashe yara 84 a Najeriya saboda gubar da ke cikinsa, a 2022 kuma yara kusan 70 suka mutu a Gambiya bayan shan wasu magungunan tari. Kwalbar da ta yini a rana a kan faranti, ta tsallaka iyaka a cikin buhun gwanjo, wa zai tsaya mata?

Ranar kasuwa guda

Mun san abin da ke hana mutane tafiya asibiti, mu ma cikin kasuwar muka tashi. Mace ta ci bashin wake da mai, ta kwaɓa ƙullu, idan ta tashi daga bakin kasko uwar kuɗin ta tafi. Mai gida yana can hayin iyaka da kaya, waya ba ta shiga, ita kuma ba ta fita sai da izini. Wannan magana ta izini muna roƙon magidanta su gama ta tun yau: ka gaya wa iyalinka cewa idan yaro ya yi taune-taune ta tafi, izininka na tare da ita, ka kuma ajiye mata kuɗin kabu-kabu a wuri guda da ba a taɓawa. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta ayyana kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a asibitocinta. Kowa ya san wani lokaci ana rubuta maka takarda ka je ka sayo magani, amma duba yaro da gwajin sauro ba su kai asarar kwana bakwai a gadon asibiti ba.

Masu zirga-zirga da iyali tsakanin ƙasashen biyu kuma su riƙa tafiya da katin rigakafin yaro kamar yadda suke tafiya da takardar shaida. Yaro da yawa sun faɗa tsakani, an fara musu allura a Magarya, an koma Ɓaɓura ba a ƙarasa ba. Gaskiya ne allurar rigakafi kan sa zafin jiki, ta ƙyanda ma wajen mako guda bayan an yi ta, kuma jefi-jefi zafin kan kawo taune-taune mai sauƙi. Ba za mu ɓoye wannan ba. Sai dai ƙyandar kanta ta fi allurar kawo shi nesa ba kusa ba, ga makanta da mutuwa a kai. Haka maganin rigakafin zazzaɓin sauro da ake bi gida-gida ana ba yara ƴan wata 3 zuwa 59 a damina, a tabbata yaro ya sha na kwana ukun duka, ba na ranar farko kawai ba.

Saura maganar da iyaye mata suka fi yi mana a asirce bayan an rufe shiri: shin ɗana ya zama mai farfaɗiya ke nan? Amsar likitoci ita ce a'a. Farfaɗiya ita ce fizgar da ke maimaituwa ba tare da masassara ba. Cikin yara 100 da suka yi taune-taunen masassara mai sauƙi, wajen 1 zuwa 2 ne kawai ke samun farfaɗiya daga baya, kusan daidai da sauran yara. Ba a kuma ɗaukarsa ta yawu ko taɓawa, don haka babu dalilin raba masa kwano ko hana shi shiga cikin yara. Abin da ke gaskiya shi ne yana iya dawowa: kimanin yaro ɗaya cikin uku yakan sake yi a wata masassarar, musamman wanda ya fara kafin ya kai shekara ɗaya da rabi ko wanda abin ke cikin danginsu. Saboda haka duk wanda ake bar wa yaron, kaka ce ko yayarsa mai reno ko maƙwabciyar rumfa, a koya mata kwantarwa a gefe da duban agogo.

Mai ƙosan nan mun sake ganinta bayan mako biyu a wurinta. Yaron yana zaune a kan tabarma can nesa da kasko yana gwagwiyar rake da gefen bakin da ya warke. Ta ce mana mai shayin ya zo har gida duba shi, da leda cike da lemu.